Lomar Farko ta Kifi Ce

Ni 'yar masunta ce. A gefen kogin Haɗeja aka haife ni, a can aka yi mini aure, a can na haifi 'ya'yana, a can kuma na binne mahaifinsu. Ban da aikin Hajji, ban taɓa zaton ƙafata za ta sake barin gida ba. Sai ga autata ta haihu a Dubai, inda mijinta yake harkar tura kaya zuwa Kano, aka ce babu mai yi mata wankan jego. To, aka yi mini biza, aka ɗora ni a jirgi. Na sauka da ƙullin kanwa da daddawa da yaji, da bandar tarwaɗa wadda ƙanena ya kama da hannunsa, ya ce in kai wa mai jego.

Unguwarsu Satwa ake ce mata. Tsohuwar unguwa ce, ba irin dogayen benayen nan da ake nunawa a waya ba. Teloli ne a jere, shago na bin shago, tun safe keken ɗinki yake kuka har yamma. A hawa na biyu muke. Ƙofar da take kallon tamu ta wani tela ce, Ba'indiye, shi da mahaifiyarsa. Ya daɗe yana yi wa matan 'yan kasuwarmu ɗinki, har ya tsinci Hausa 'yar kaɗan. Duk sanda muka haɗu a matakala sai ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu Hajiya, yaya gajiya?" In na amsa na ƙara da tambayar iyali, sai ya yi dariya ya ce, "Ba matsala." Iyakarta ke nan.

Darbejiya ce ta haɗa ni da uwarsa. Akwai wata bishiya a bayan ginin, ina karyo ganyenta don ruwan wanka. Wata safiya ina hawowa da ganyen a hannu, sai na tarar da tsohuwar a bakin ƙofarta. 'Yar siririya ce, ta lulluɓe da farin mayafi, gashinta fari fat. Ta miƙo hannu ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta shinshina, ta faɗi sunansa da yarensu. Na faɗa mata da namu. A daidai lokacin jariri ya tsala kuka daga ciki. Ta dube ni, ta dubi ganyen, ta gane abin da ake ciki. Ba a jima ba sai ga ta da kwalbar wani mai mai yajin ƙamshi. Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jikana a kansu, ta murje shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Yaron da ya hana mu sakat ya yi barci kamar an ɗauke shi.

Tun daga ranar take shigowa kullum da hantsi. Ba ta jin tawa, ba na jin tata. Ni Uwar Tela nake ce mata, ita kuma Hajiya take ce mini kamar yadda ta ji ɗanta yana faɗa. Mu zauna a tabarma, ita tana murza yaro, ni ina dama kunun kanwa. In abu ya yi mata yawa ta ce "shuwayya," wato kaɗan-kaɗan da Larabcin garin, in ya ƙare ta ce "khalas." Sauran zancen da hannu muke yi da ido, kuma ba mu taɓa rasa abin cewa ba.

Amma ina lura da ita. Matar nan ramewa take yi. Awarwaron da ke hannunta da yana tsayawa a tsintsiyar hannu, sai na ga yana zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga yaro. In na miƙa mata kunu sai ta kurɓa sau ɗaya don kunyata, ta ajiye. Rannan ta tashi daga tabarma jiri ya kwashe ta, sai da ta dafa bango. Na sa 'yata ta tambayi tela, tunda su biyun suna jin Turanci. Ya ce ya kai ta asibiti, an duba, ba a ga komai ba. Abinci ne ba ta ci. Shayi da madara, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya ce likita ya gaya masa in ta ci gaba haka, kwanciya za ta yi, kuma mai shekarunta in ya kwanta tashi yana wuya.

To, a garinmu in baki ya mutu, magani ɗaya muka sani. Na ɗauko tarwaɗar nan, na zaɓi mai tsoka, na wanke da ruwan zafi, na yi farfesu da citta da masoro da daddawa, irin wanda ko mara lafiyan da ya juya wa bango fuska in ya ji ƙamshinsa sai ya waiwayo. Na zuba a kwano mai murfi na kai mata da kaina. Ta karɓa da hannu biyu tana murmushi. Ta buɗe. Kan tarwaɗar ne a sama, da gashin bakinsa. Sai na ga fuskarta ta canza. Ba ta yi fushi ba, ba ta ture kwanon ba. Ta mayar da murfin a hankali, kamar mai rufe fuskar mamaci, ta haɗa tafukan hannunta a goshi, hawaye suna zuba.

Na dawo da kwanon na ce wa 'yata, "Ke, zo ki ji mini. Yajin ne ya yi yawa?"

Ta leƙa kwanon ta dafe kai. "Inna! Kifi kika kai mata? Ai ko ƙwai ba sa ci."

"To ni wa ya gaya mini? Na ɗauka tsada ce ta hana su."

Da yamma tela ya rufe shago ya shigo shi da uwarsa. Na fara ba da haƙuri, ya ce, "Ba matsala, Hajiya, ba matsala," wannan karon kuma da gaske yake. Ya zauna ya ciro waya. Magana a ranar sai ta bi ta baki uku kafin ta iso kunnena: tsohuwa ta faɗa wa ɗanta, ɗanta ya faɗa wa 'yata, 'yata ta juya mini.

Ya nuna mini hoton garinsu. Wani tafki ne a tsakiyar duwatsu, zaune kamar ruwa a cikin ƙwarya. Duwatsun sun sha itatuwa masu ganye kamar allura, can samansu kuma fari, wai ƙanƙara ce take kwana a kai lokacin sanyi. Gidajen garin sun kewaye ruwan. An ɗaura igiyoyi daga bishiya zuwa bishiya, an rataya ƙyallaye ja da fari da shuɗi da rawaya, iska tana kaɗa su. Tsohuwa ta sa yatsa a kan wayar tana nunawa: nan ɗakin ibadarsu ne, wancan mai jan rufi na wasu masu aske kai ne da suke zuwa daga bayan duwatsu, wancan fari a kan tudu na masu rawani ne da ba sa aske gashi. Addini uku, kowa da labarin da yake bayarwa a kan yadda tafkin ya samu, kowa yana ganin nasa ne, amma ba a taɓa katange shi ba. Da asuba duk a hanya ɗaya suke haɗuwa, suna kewaya ruwan a ƙafa, kullum suna barin sa a hannun dama. Birai suna bin su suna fizge abin da ke hannun yara.

Ta ce akwai curin ciyawa da suke yawo a kan ruwan, da ƙasarsu da saiwarsu, yau a gabas gobe a yamma. Wanda curin ya matso kusa da shi yana tsaye a gaɓa, sai a ce an karɓi roƙonsa. Na ce wa 'yata ta gaya mata mu ma muna da kainuwa, haka take yawo, sai dai mu ba mu taɓa tambayarta komai ba. Ta ce in sanyi ya shigo agwagin daji suna sauka daga wata ƙasa mai nisa, su yi kwanakinsu su tashi, ba mai harbinsu. Na ce mu ma suna zuwa fadamarmu. Ban faɗi abin da muke yi musu ba.

Sai tela ya taɓa wayar, hoton ya motsa. Wata mata ta tsaya a kan matakalar dutse ta watsa wani abu a ruwa. Jama'a, ruwan nan sai ya tafasa. Kifi ne, kifi a kan kifi, manya kamar cinyar mutum, baki a buɗe, suna hawa bayan juna har wasu rabin jikinsu a waje. Na shekara nawa a bakin kogi, ban taɓa ganin haka ba, ko a shekarar da ruwa ya janye ya bar su a kududdufi. Na matso da wayar kusa da idona. Na ce, "Tambaye shi, yaushe sarkin ruwansu yake buɗe su?"

Don mu haka muke yi. Akwai gurbin da ake rufewa, ba mai jefa ko ƙugiya, sai ranar da sarkin ruwa ya ba da izini, gari ya fito da gora da homa.

'Yata ta tambaya tana danne dariya. Tela ya girgiza kai.

"Ya ce ba a buɗewa."

"Bana, ko kuwa?"

"Har abada, Inna. Ba a taɓa buɗewa ba. Ba jirgi, ba taru, ba wanki, ba wanka. In kifi ya mutu ma fito da shi ake yi a binne."

Na ce, "Ikon Allah." Na sake cewa, "Ikon Allah." Tsohuwa ta ga yadda na saki baki, sai ta yi 'yar dariya, hawayen bai gama bushewa ba.

A nan ne tela ya faɗi asalin ciwon. Tun ranar da aka kai uwarsa garin tana amarya, uwar mijinta ta koya mata: in an kwaɓa fulawar gurasar safe, kafin a ɗora ko ɗaya a wuta, sai a gutsuri na farko a mulmula ƙanana, a sauka bakin tafki a ba kifi. Sai sun ci, mutanen gida su ci. Haka ta yi da ciki, haka ta yi da goyo, haka ta yi ranar da mijinta ya mutu. Da gidan ya zama ba kowa, ɗanta ya ɗauko ta. Har yanzu kullum tana kwaɓawa, tana mulmulawa, ta jera a bakin taga, su bushe. Ba rantsuwa ta yi ba, ba wanda ya hana ta ci. Ta ce lomar ce ba ta wucewa, kamar mai cin abinci baƙo yana tsaye a ƙofa.

Na ce, "To ba ga teku nan a bayanku ba?"

Ya ce ya kai ta. Ta tsaya a kan yashi ta jefa, igiyar ruwa ta dawo mata da su har kan ƙafarta. Ta ce an ƙi karɓa. Ya sayo mata 'yan jajayen kifi biyu a tulun gilashi. Ta ce ba ta ba fursuna sadaka, amma tausayi ya sa ta ba su, ruwan ya yi fari, suka mutu. Tun daga nan abin ya ƙaru.

Ya ƙara wata magana da murya ƙasa-ƙasa, bai juya wa uwarsa ita ba. Wai yanzu ko a garin an fara hana watsa abinci barkatai, don baƙi sun yi yawa, kowa da buhunsa, ruwan ya fara wari, tafkin yana cikewa da laka daga gefe. Ya ce ba ya so ta sani. Na gane. Ni ma akwai mashigin da na yi wasa a cikinsa ina yarinya, yanzu ciyawar kacalla ta cinye shi, ko kwale-kwale ba ya ratsawa, kuma in na tuna shi da ruwansa nake tunawa.

Na kwana biyu abin yana raina. Sai na tuna ranar da surukina ya kai ni Sabkha in ga inda suke ɗaure kaya. Mun tsallaka wani rafin gishiri da ya ratsa garin, a kwale-kwalen katako mai inji da suke kira abra. Muna jiran ya cika, idona yana ruwa, don ni duk inda na ga ruwa sai na leƙa. A ƙarƙashin katakon da ake takawa a shiga jirgi, inda inuwa take, ruwan kuma a kwance, na ga 'yan ƙananan kifi sun taru suna tsattsagar gansakukar jikin ginshiƙi. Kifi ko na wace ƙasa ne inuwa yake so da ruwa mai natsuwa. Ba ya zuwa inda igiya take dukan yashi.

Na ce wa 'yata ta gaya wa tela ranar hutunsa ya shirya uwarsa da sassafe, ta taho da kwaɓinta ɗanye, da gurasarta gasasshiya.

Ta ce, "Inna, ba bautarsu za ki taya ta ba kuwa?"

Na riga na juya wannan a zuciyata kafin ta tambaya. Na ce, "Abin da ke ranta ita da Mahaliccinta. Ni kifi zan ba abinci, halittar Allah ce, da bismillah zan ba shi. Maƙwabciyata kuma yunwa za ta kayar a gabana, wadda take murza mini jika. In an tambaye ni ita fa, in ce me?"

'Yata ta riga ta yi arba'in, sai ta ce za ta bi mu.

Muka shiga tasi bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Lokacin sanyinsu ne, iska mai daɗi. 'Yata ta goya yaro da zane, mutane suna waiwayenta. Tsohuwa ta rungume 'yar jakar ƙyalle a ƙirji har muka isa. A bakin ruwan jiragen katako suna ta kai da kawowa, fararen tsuntsayen teku sun cika sama suna ihu. Muka koma can gefe, ƙarshen matakala, inda ba a tsayawa.

Ta buɗe jakar, ta ɗebi 'yan curin kwaɓin, ta yi magana a hankali da yarensu, ta watsa sama kamar yadda matar cikin wayar ta yi. Ko ɗaya bai taɓa ruwa ba. Tsuntsayen nan suka cafe su a iska, suka dawo suna neman ƙari, har ɗaya ya kusa tafiya da mayafinta. Ta ja baya. Ta dubi ɗanta, ta faɗi kalma ɗaya, ta fara ɗaure bakin jakar. Wannan ban jira a juya mini ba.

Na kama hannunta. Na ce, "Shuwayya, Uwar Tela. Shuwayya."

Na tattare zanena na durƙusa a matakalar ƙarshe, gwiwoyina suna ƙara. 'Yata ta ce, "Inna, in kika faɗa wa zai tsamo ki?" Na ce, "Ke da aka haifa jiya? Ni a ruwa na yi rarrafe." Na karɓi curi ɗaya, na yi bismillah, na tsoma hannuna har wuyan hannu a cikin inuwar katakon, na murje shi a hankali. Na bar hannun a nan ban motsa ba. Tsohuwa ta dafa kafaɗar ɗanta ta sauko, ta tsuguna kusa da ni.

Da farko ba komai sai garin fulawa yana sauka. Can sai ga ɗaya, ɗan mitsitsi, mai ratsi a jiki. Ya zo ya koma. Ya dawo da 'yan'uwansa. Kafin ka ce me, sun kewaye yatsuna suna tsattsaga. Na janye hannuna, na kama nata, na sa mata curi, na tura shi cikin ruwan. Sai na sake shi.

Ta daɗe a haka. Leɓenta yana motsi. Ni ma ina nawa tasbihin. Ta ciro wani curin, ta ciro wani, har jakar ta ƙare, tsuntsaye suna ta zagi a sama ba su samu ba.

Da ta ɗago sai ta yi wata magana, ɗanta ya fashe da dariya.

'Yata ta ce, "Wai waɗannan ba kifi ba ne, jikokin kifi ne. Wai na garinsu ɗaya zai haɗiye ɗari."

Tsohuwa ta miƙa hannu ta nuna tsawon nasu, daga yatsa har kafaɗa. Na ce, "Wannan ne babba?" Na buɗe hannuwana biyu iyakar buɗewa, na nuna mata giwan ruwan da mahaifina ya taɓa kamawa, na ɗan ƙara masa kaɗan. Ta kaɗa yatsa a fuskata, ta ce wani abu.

"Wai ƙarya kike yi, Inna."

"Ce mata ita ta fara."

Muka hau sama muka zauna a wani benci yana kallon ruwa. Tsohuwa ta wanke hannu da ruwan gora. Ta kwance wani ƙyallen, ga gurasarsu 'yan sirara a ninke, da ɗan dankali mai kurkum a tsakiya. Tela ya juya kai yana kallon jirage, kamar ba shi a wurin. Ta gutsura. Ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa. Ta haɗiye. Ta sake gutsura.

Ta cinye ɗaya, ta raba ta biyu gida biyu, ta miƙo mini rabi, ta ci rabi. Sai ta taɓa gwiwar ɗanta ta nuna masa mai shayin da ke tsallaken titi, ta yi masa bayani mai tsawo.

Na ce, "Me ta ce?"

'Yata ta ce, "Wai ya karɓo mata da madara sosai. Kuma wai dankalin nan da ya dafa ba gishiri, gobe ya bar mata kicin ɗinta."

Tela ya tashi da sauri har yana tuntuɓe. Ya tsallaka titi, ya juyo daga can yana ɗaga mini hannu, yana tambaya ko ni ma da madara. Na ce da madara.